Rigar Rayyanu mai gajeren hannu

Ranar da Sharifu tela ya komo Korgom, hadari ya haɗo daga gabas tun da hantsi, ya yi baƙi ƙirin, ya tsaya bisa gari har la'asar, ko ɗigo bai sauka ba. Iska ta ɗauke, ganyen bedi ma ba ya motsi. Ina zaune ƙofar gidana na ga ya sauko daga babur, babu kaya tare da shi sai ƙunshi ɗaya a hammata.

Maƙwabcina ne, katanga ɗaya ta raba mu. Bai yi lakwal ba, wato boko, kamar ni, don haka ba ya rubuta awo. Igiya yake ɗauka ya gwada mutum, ya yi ƙulli a kafaɗa, ƙulli a hannu, ƙulli a tsawo. Kowa da igiyarsa, rataye a ƙusa.

Shekara shida kafin nan suka tafi bida Libiya, neman kuɗi, shi da Rayyanu, mijin Furera mai ƙosai. Rayyanu ya faɗo daga amalanke tun yana ƙarami, hannunsa na hagu ya ɗan gajarce. Duk gari an san da haka.

Furera ta iso kafin Sharifu ya sha ruwa.

"Yaya Sharifu, sannu da hanya. Ina ka baro mini shi?"

Ya dubi ƙasa. "Sai na huta, Furera."

Wata biyu yana hutawa. Ita kuwa ba ta san matsayinta ba: mai aure ce, ko takaba ta hau kanta? Kullum ta aje kaskonta, sai ta biyo ta ƙofarsa, shi kuma ya shige ɗaka. Daga ƙarshe na ce mishi, "Sharifu, matar nan ba igiya ba ce da za ka rataye a ƙusa." Ranar Juma'a bayan an sauko, muka zauna zauren liman, ni da shi da Furera, ya kwance ƙunshin.

Ya ce a Sabha masu bindiga suka tare su. Rayyanu aka ba shi bindiga, shi aka ba shi keken ɗinki. Yadin kaki yana zuwa bandir-bandir cikin jirgi, tare da akwatunan harsashi da albashin mayaƙa, daga wata ƙasa da bai taɓa jin sunanta a bakin kowa ba. Sai dai a ce "masu gida sun aiko". Idan masu gida suka aiko, a yi yaƙi. Idan suka yi shiru, mayaƙa su bazu cikin gari suna ƙwace. Wata shekara shugabansu ya samu sababbin masu gida, waɗanda jiya ake harbi suka zama 'yan'uwa, 'yan'uwan jiya aka koma harbinsu. Yadin dai iri ɗaya ne, har ƙamshinsa.

A can ba a zubar da rigar mamaci. A wanke, a kawo wa tela ya toshe huda, a ba wani.

Ya shimfiɗa riga bisa tabarma. Hannun hagu ya fi na dama gajarta da yatsa uku.

"Ni na ɗinka mishi," ya ce. "Bayan wata bakwai ta komo mini da huda a nan, ƙarƙashin aljihu. Na yi faci. Aka ba wani ɗan Cadi. Ta sake komowa, harsashi ya bi ta cikin facin nan nawa, bai kauce ba. Na sake toshewa. Ta uku, daga jikin wani na ɗaya ɓangaren aka tuɓo ta, ban san yadda ta je can ba. Wuri ɗaya dai. Sai na ɓoye ta, ban ƙara bari an ba kowa ba."

Muka duba. Faci bisa faci, huda ta ukun kuwa a buɗe.

Liman ya ce, "Ka ga gawarsa?"

"Ban gani ba, Malam. Shi ya sa na yi shiru. Riga na gani."

"To, ai riga ba ta shaida."

Furera ba ta yi kuka ba. Ta miƙa hannu ta ce, "Yaya, ina igiyarsa?"

Ya zaro ta daga cikin ƙunshin. Akwai wasu igiyoyin da yawa a ciki, sun fi ɗari, a cuɗe, amma bai yi lalube ba. Ta ɗora ta bisa rigar, ƙulli ya hau kafaɗa, ƙulli ya hau bakin gajeren hannun daidai.

"Malam, shaida biyu kuke nema," ta ce. "Ga su nan."

Liman ya dubi rigar da igiyar. Can ya ɗaga hannu ya yi fatiha, muka shafa. Furera ta cire 'yan kunnenta nan take, ta ɗaure a bakin zane. Rigar kuwa ta ce kada kowa ya ƙara sa ta. Aka rufe ta bayan gari, tare da igiyar.

Furera ta gama takaba, tana nan tana tuyarta. Sharifu ya koma Tasawa, yana ɗinkin buhunan hatsi a kasuwa. Ya bar gwada mutane. Sauran igiyoyin suna ɗakinsa, don har yau babu wanda ya zo nemansu.