Dabo da Maganin da Ya Ƙi Narkewa

Dabo ba likita ba ne, in ka kira shi likita ma sai ya harare ka. Shekara ashirin da biyu yana miƙa magani ta tagar ƙaramin asibitin ƙauyenmu, kusa da Tsanyawa, da yamma ya wuce gonar gyaɗarsa. Ga faɗan tsiya. Wallahi a da ba na ƙaunar ganinsa.

Bara Babanmu ya kwanta, maƙogwaronsa ya yi fari fat, ko koko ba ya wucewa. Likita ya rubuta ƙwayoyi, na karɓo wajen Dabo. Tunda Baba ba ya iya haɗiya, sai na yi yadda muke yi wa sassaƙe: na daka, na jiƙa, na tace ruwan na ba shi, garin da ya kwanta a ƙasa na zubar. Kwana tara! Baba sai ƙara ramewa yake, har an fara zancen kiran dangi.

Dabo ya zo dubiya ya same ni da mataci a hannu. Ya leƙa gindin kofin.

"Tahira, ina kike kai wannan garin?"

"Bayan ɗaki mana."

"Innalillahi! Ai shi ne maganin. Irinsa ba ya narkewa a ruwa. Ruwa zalla kike ba tsohon nan!"

Dabo ya hau babur sai Kano, la'asar ya dawo da kwalbar maganin na ruwa, ruwan cikinta garau. Yayana Usaini ya tare ƙofa, wai ba za a ɗura wa mahaifinsa ruwan banza ba.

Dabo ya lanƙwasa yatsu biyu ya yi da'ira. "Akwai wani sukari da ake yi daga sitaci, ƙwayarsa kamar zobe take. Cikin zoben yana kama abu mai maiƙo, bayansa yana son ruwa. Magani ya shige ramin, zoben ya ja shi cikin ruwa, shi ya sa ba ka ganinsa. Matsa, Malam!"

Usaini bai matsa ba. "To na farkon, me ya hana shi aiki?"

Dabo ko kallona bai yi ba.

"Ni na miƙa shi ban faɗi yadda ake sha ba."

Usaini ya zage shi tas, sannan ya ba shi hanya.

Rana ta biyar Baba ya shanye kofin koko, ya nemi ƙari. Na yi kuka har na gaji. Har yau a ƙauyenmu ana cewa sakacin Dabo ne ya kusa kashe Baba. Bai taɓa musawa ba, ni ma ya hana ni buɗe baki.