Ranar da Aka Ce Kada Mu Motsa

A firamaren ƙauyenmu, can bayan Nasarawar Burkullu, ba mu san benci ba. A ƙasa muke zama, mu rera jadawalin lissafi da ƙarfi muna rangaji gaba da baya, yadda muka saba a makarantar allo. Haka karatu ya shiga kaina.

Da muka kai aji shida aka loda mu bakwai a bayan a-kori-kura zuwa Bukkuyum, jarrabawar shiga sakandare. Baba ya riga ya yanke magana: in na ci in wuce, in na faɗi bokona ya ƙare ke nan. Ni kuwa ina son makarantar nan kamar raina.

Aka zaunar da mu a benci, kowa shi kaɗai. Malamar da ke tsaronmu, wata doguwa mai tabarau, ta ce ba magana, ba motsi. Na ƙame. Tambayar farko bakwai sau takwas, abin da ko akuyar gidanmu ta haddace saboda yawan jin bakina. Wallahi na neme shi na rasa. Gumi ya jiƙa mini riga, na ji kuka na tahowa.

Ban san lokacin da jikina ya fara rangaji ba. Leɓena ya kama motsi, sai ga hamsin da shida ta faɗo.

Malama ta tsaya a kaina. "Kai yaro, mi kaka yi haka? Lahiya?"

Na ce, "Malama, in ban kaɗa ba, ba shi hitowa."

Ta ɗaga kai ta duba ɗakin. Ashe duk 'yan ƙauyenmu kaɗawa suke, kowa a bencinsa. Ta toshe baki da gyale, kafaɗunta na girgiza don dariya.

"Ku tahi baya ku zamna ƙasa," in ji ta. "Amma cikin ciki za ku rera."

Muka baje a siminti, takarda a kan gwiwa. Ban taɓa jin daɗin lissafi kamar ranar ba.

Muna shuka hedimasta ya zo har gona a kan keke ya ce na ci. Inna ta rangaɗa guɗa, ni kuwa na yi ta tsalle a kan kunya. Da na ba Baba labarin zaman ƙasa, ya yi dariya har da hawaye, sannan ya tambayi sunan malamar don ya sa ta a addu'a.

Ban sani ba. Har yau ban sani ba, amma ban daina yi mata addu'ar ba.