Malam Muntari da Muzurun Sitonmu

Da an idar da sallar asuba a Panshekara, Malam Muntari yakan ɗaure akwatin aikinsa a bayan babur, ya tsaya wajen mai shayi ya sha kofi ɗaya, sannan ya kama hanya. Kafin jiniyar kamfanoni ta kira masu aikin safe, ya riga ya duba tunkiya ɗaya ko biyu a gidajen da aka bar masa sallahu. Daga nan sai asibitin dabbobi ya sa hannu, sai kuma zagaye: yau duba fatu a majemun Calawa, gobe allurar karnukan gadi a Bompai. Shekara talatin da ɗaya ke nan yana wannan aiki, kuma ƙarshen watan nan zai ajiye shi. Ba likita ba ne, ba ya kuma yarda a kira shi haka. "Ni malamin dabbobi ne," yakan ce, "likita yana ofis."

Ni ko kaza ba na kiwo. Muzuru ne ya haɗa ni da shi.

A 1979 ina akawu a siton wata masaƙa a Sharaɗa. Shugabana a siton shi ne Lawan, mutumin Ringim, mai iyali tara. Ɓeraye da gafiyoyi sun taɓa addabar wurin, suna huda dilolin yadi, har sai da kyanwoyi suka yi mana maganinsu. Ba mu muka kawo kyanwoyin ba. Atika ce, wata gwauruwa mai sayar da shinkafa da wake a ƙofar baya, take zuba musu ragowar abinci, suka taru kusan goma. A cikinsu akwai wani muzuru da ta rena tun idonsa bai buɗe ba. Leburori suka sa masa suna Kofur, saboda ratsi biyu da ke hannunsa na dama.

Da Kofur ya balaga sai ya zama wani abu daban. Yakan ɓace kwana uku, kwana huɗu, ya dawo kunne a yage, wuya yana ɗiga ruwa. Shi da sauran muzurai suka riƙa bin dilolin yadi suna fesa musu fitsari, irin mai warin nan da ko wanki ba ya fitarwa. Wani ɗan kasuwa daga Kantin Kwari ya dawo mana da kaya, ya kuma ce kada a sake kai masa. Manaja ya kira Lawan, ya miƙa masa kwalin guba, ya ce kafin Litinin a gama da kyanwoyin, in kuwa aka sake dawo da yadi ko ɗaya, takardar sallama tana jiransa.

Lawan ya kasa cin abinci. Kashe kyanwa ba ƙaramin abu ba ne a wurinmu. Ban da haka, a abinci za a zuba gubar, ƙofar baya kuwa cike take da kaji da awaki da jariran masu abinci suna rarrafe. Atika ta sa Kofur a buhu ta kai shi gidan yayarta a Na'ibawa don ya tsira. Bayan kwana biyu ta same shi kwance a ƙarƙashin bencinta.

Ranar Asabar Malam Muntari ya gama da karnukan kamfanin da ke maƙwabtaka da mu, ya zauna cin abinci a rumfar Atika. Ina wurin. Ya ga miki a wuyan Kofur, ya ajiye cokali.

"Baiwar Allah, na wa ne wannan?"

"Nawa ne, Malam. Amma jibi za a ba shi guba." Ta ba shi labarin duka, tana goge ido da gefen mayafi.

Ya wanke hannu, ya dube ni. "Manajanku yana nan?"

Na kai shi. Ya yi sallama, ya faɗi ko shi wane ne, ya ce ba kyanwoyin duka ke ɓarnar ba, mazan ne, kuma in aka fiɗiye su yawanci sukan daina.

Manaja ya yi dariya. "Fiɗiyayyen muzuru ai ƙiba zai yi ya kwanta. Wa zai kama mini ɓera?"

"Ranka ya daɗe, abin da ke fitar da shi yawo daban, abin da ke sa shi farauta daban. Neman mata da faɗa da fesa fitsari, duk hanyarsu ɗaya, ita zan tare. Farauta kuwa tun yana ɗan jariri ya koya. Amma ba zan yi maka ƙarya ba, a cikin goma akan samu ɗaya da ba ya bari, musamman wanda ya tsufa da halin. Kuma ba a kwana ɗaya ake ganin canji ba."

"Kwana nawa?"

"Ka ba ni mako shida."

Manaja ya juya biro a hannunsa. Ya ce ya bayar, amma maganarsa a kan Lawan tana nan.

Lawan kansa bai saki jiki ba sai da ya tambayi limamin masallacinmu ko akwai zunubi. Liman ya ce in don kawar da cuta ne, kuma ba za a azabtar da dabbar ba, ya fi guba nesa ba kusa ba.

Muzurai huɗu ne. Da kwando da busasshen kifi muka kama su, aka hana su abinci tun yamma kamar yadda Malam ya ce. Da hantsi ya zo da allurar barci da ya karɓo daga hannun likita. A kan teburina aka shimfiɗa tsabtataccen ƙyalle. Kowanne bai ɗauki minti goma ba. Atika ta juya baya har aka gama, da ta waiwayo sai ta ga Kofur a miƙe, ido a buɗe, harshe a waje.

"Malam, kun kashe shi," ta faɗa a hankali.

Bai yi mata gardama ba. Ya ce ta ɗora tafinta a ƙirjin muzurun. Ta ɗora, ta daɗe a haka, sannan ta ce, "Yana bugawa."

Bai tafi ba sai da dukkansu suka farka suna tangaɗi. Ya sa muka wanke kowane lungu da aka taɓa fesawa da sabulu, don wari ne ke jawo su su maimaita. Ya sa muka ɗora diloli a kan katako, muka ajiye kaskon yashi a bakin ƙofa.

A mako na biyu hankalinmu ya tashi. Kofur ya ɓace kwana guda, kuma muka tarar da sabon fitsari a jikin ƙofar sito. Lawan ya zo wurina, ya ce shi dai ya fara haɗa kayansa. Na aika wa Malam Muntari. Ranar hutunsa ce, amma ya zo. Na ga dattijon nan ya durƙusa yana bin bango da hanci. Ya miƙe ya kaɗe gwiwarsa.

"Malam Lawan, kwantar da hankalinka. Tukunya ma in an sauke ta ba ta hucewa nan take. Ku wanke nan, ku ƙara haƙuri."

Haka kuwa aka yi. Zuwa mako na huɗu kunnen Kofur ya warke, kuma bai samo sabon rauni ba. Kukan nan mai kama da na jariri ya ɗauke. Ya daina tsallake titin manyan motoci. Yawancin yini yana kan katanga yana shan hantsi, har Atika ta fara tsoron ko ya zama rago. Sai wata safiya Lawan ya buɗe sito ya tarar da ƙatuwar gafiya a mace a bakin ƙofa, Kofur na zaune gefe yana lasar hannu.

Ranar da mako shida ya cika, manaja ya shigo da kansa. Ya bi layin diloli ɗaya bayan ɗaya yana shinshinawa, mu kuma muna biye da shi ba mai tari. Da ya kai ƙarshe ya tsaya, ya ce wa Lawan, "Kwalin nan da na ba ka, a mayar wa mai shi." Yana fita Lawan ya zauna daɓas a ƙasa, ya rufe fuska da hula, yana ta hamdala.

Ɗaya daga cikin huɗun, wani tsohon baƙin muzuru, bai daina ba, kamar yadda Malam ya faɗa tun farko. Malam ɗin ne ya zo ya ɗauke shi ya kai gidansa. Ya kuma yi wa Atika faɗa da ya ga Kofur ya fara tumbi. "Yanzu ba ya ƙone abinci a yawo. Ki rage masa, so ba cusawa ba ne."

Labari ya bazu. Masu gadi suka gaya wa masu gadi, direbobi suka kai shi Bompai da Calawa. Na san sito fiye da goma da aka fasa zuba guba saboda mutumin nan, kuma ba a taɓa rubuta sunansa a ko'ina ba.

Malam, ku ne kuka ajiye abincinku saboda mikin dabbar da ba taku ba. Ku ne kuka tsaya gaban mai iko kuka faɗi gaskiya har da ɓangaren da zai iya sa a ƙi ku. Mai sanyin hannu, mun gode. Lawan yana sitonsa har yau, ya aurar da 'ya'ya uku daga nan.

Ina roƙon matasan da za su gaji akwatinsa su gaji haƙurinsa, kada su raina ƙaramar dabba ko ƙaramin mutum. Mu kuma sauran jama'a, kafin hannu ya kai ga guba, a nemi wanda ya sani a tambaye shi.

Da na gaya wa Atika zan yi wannan rubutu, ta ce in isar mata da saƙo. "Ka ce wa Malam Kofur ya tsufa, haƙoransa sun zube, sai na jiƙa masa abinci. Amma a gabana zai mutu, ba a titi ba."

Na isar, Malam. Allah ya ba ku hutu mai albarka, ya tausaya muku kamar yadda kuka tausaya.