Busar Komawa Ruga

An haifi Gidaɗo a wata ruga da ke kudu da Bukkuyum, shekaru kaɗan bayan samun 'yancin kai. Bai yi boko ba, karatun allo ma bai yi nisa ba mahaifinsa ya miƙa masa sanda ya nuna masa daji. Mutum ne dogo, marar yawan magana, wanda idan ya shiga kasuwa ya sayi gishiri da kanwa ba ya ƙara zama.

Abu ɗaya ya bambanta shi da makiyayan yankin. Kowa yana da yadda yake kiran shanunsa, wani da sunayensu, wani da ihu, wani da kaɗa harshe. Shi da sarewar kara yake kira. Yana da busar fita kiwo, da ta gangarawa mashaya, da wata doguwa mai sanyaya jiki wadda yake yi idan rana ta yi ja, ta komawa ruga. Duk maraƙin da aka haifa a garkensa da wannan busa yake buɗe kunne, har ya girma bai san wani kira ba.

A ranin shekarar 2004 ya kai shanunsa bakin gulbi kusa da Gummi. A nan ya tarar da wasu masu shirya fim da suka zo daga Gusau. Shugabansu, wani mai suna Khalifa, ya ji busar yamma daga nesa, ya tsayar da aikinsa, ya sa aka jawo janareta da na'urar ɗaukar sauti har gindin kanyar da Gidaɗo ke zaune. Ya roƙe shi ya sake. Gidaɗo ya ce ba a yin wannan busa sau biyu a yini, amma da aka matsa masa sai ya yi. Bai kai ƙarshe ba shanun suka taso gaba ɗaya suka nufo kanyar, masu fim suka watse, wani har da barin takalmi.

Bayan damina, ranar wata kasuwar Gummi, wani ya ja shi gidan kallo. Sunan fim ɗin Takun Bayan Danga, labarin wani mai kisa ne da ke bin mutane har gida. Duk lokacin da mugun zai laɓaɓo ta bayan danga, sai busar Gidaɗo ta tashi. Ɗakin ya yi tsit, wasu suna riƙe hannun na kusa da su. Bai jira ƙarshe ba ya fito. Da ya je wurin yayarsa, wadda kowa ke kira Goggo, ya ce mata, "Busar da nike cewa shanu su zo su kwanta, ita sunka sa mutane na jin tsoro."

"To mi ka so?" in ji Goggo. "Kai ma in ka tunkaro mutum da wagga fuska taka, ai sai ya yi salati."

Fim ɗin ya yi tashe shekara biyu ko uku, aka manta da shi. Gidaɗo ya ci gaba da kiwonsa. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa mata suka yi aure, ɗansa namiji guda ya tafi haƙar zinari Bagega bai ƙara waiwayar sanda ba. Saboda haka ba wanda ya koyi busar.

A shekarar 2022 ɓarayin shanu suka same shi a mashaya da hantsi, a kan babura. Da suka kora garken sai ya riƙe ƙahon wata jar saniya da yake kira Woɗe, wadda kakarta tana cikin waɗanda suka kori masu fim. Ɗaya daga cikinsu ya sa masa gindin bindiga a baki. Haƙoransa na gaba suka zube, leɓensa na sama ya tsage, ɗinkin kuma ya warke a karkace. Ya koma Anka wurin Goggo, wadda ke sayar da fura da nono kusa da tasha. Da bakin ya warke ya yanko kara ya fafe sarewa, ya kai baki, iska ta zurare ta gefe. Ya gwada har ya gaji, sannan ya jefa ta murhu. Maganarsa ma ta sauya, sai an kasa kunne ake gane ta.

A wannan hali Nafi'u ya same shi, shekara biyu bayan haka. Nafi'u magidanci ne mai shagon tura waƙoƙi a waya a Gummi, kuma yana cikin wasu mutane ƙalilan masu tara kiɗan tsofaffin finafinan ban tsoro. Ba hoton suke so ba, sautin kawai. Suna nan a warwatse, daga Sakkwato har Kaduna, suna aika wa juna ta waya, suna gardama a kan wane kiɗa ya fi tayar da tsigar jiki. Bayan rasuwar Khalifa, iyalinsa suka ba Nafi'u ainihin kaset ɗin da aka ɗauka a gindin kanya. Ya juye shi a kwamfuta, ya daɗe yana wanke shi, yana cire shuu ɗin tsufa da duk wata hayaniya, don ya sake fitar da shi a faifai da memori ga masu tarawa. Abin da ya kawo shi Anka shi ne ya sa sunan mai busar a jikin faifan, domin a fim ɗin ba a sa ba.

Ya zauna a tabarmar zaure, ya gaida Gidaɗo da kyau, ya ce, "Baffa, wata uku ina cigiyarka. Wasu sun ce ka rasu."

"Sun kusa faɗin gaskiya," in ji Gidaɗo.

Nafi'u ya kunna 'yar sifikarsa. Busar ta fito tas, kamar yanzu ake yin ta a cikin zauren. Goggo da ke dama fura a tsakar gida ta ajiye ludayi. Gidaɗo ya sunkuyar da kai har ta ƙare. Bai taɓa jin kansa daga waje haka ba.

"Ta yi kyau," ya ce. "Sai dai ta rame."

"Ta rame kamar yaya, Baffa?"

Gidaɗo ya shafa gefen kansa. Tun ranar mashaya kunnensa na hagu ba ya ji sosai, sai ya ɗora wa kunnen laifi. Ya yarda a sa sunansa. Nafi'u ya bar lambarsa a wayar Goggo ya tafi.

Ba a yi wata ba labari ya zo cewa jami'an tsaro sun ƙwato shanu daga daji, an tara su a wani fili bayan kasuwar Anka. Ɓarayin sun yanke kunnuwansu, sun bi tsofaffin shaidun jikinsu da wuta, ba wata alama da ta rage. Dattawan da aka ɗora wa rabon, ƙarƙashin Arɗo Mainasara, suka yanke cewa za a bi hanyar da aka gada: mai shanu ya tsaya ya kira, wadda ta biyo shi tasa ce. Waɗanda ba su bi kowa ba zuwa la'asar za a loda su a mota a kai Gusau.

Tun jajibere Gidaɗo ya je ya leƙa ta saman shinge, ya dawo bai ci abinci ba. "Woɗe na ciki," ya ce wa Goggo. "Ta zama ƙashi da fata, amma ita ce. Da mi zan kira ta?"

Goggo ta kwance wayarta daga bakin zane. "Kira mai kaset ɗin nan, ya taho da akwatinai. In busarka na sa manyan mutane fitsari a gidan kallo, ai saniya ba ta gagare ta ba."

Nafi'u ya biyo ayarin motocin safe, ya iso kafin azahar da babbar sifika mai batir. Filin ya cika. Makiyaya suna shiga ɗaya bayan ɗaya, wani ya kira a taso masa, wani ya kira har muryarsa ta dishe ya fito yana share ido. Da layi ya zo kan Gidaɗo ya fara gwada baki. Ya kira Woɗe da sunanta, sunan ya fito a tauye, saniyar ko kunne ba ta kaɗa ba.

"Gidaɗo, na san ka, na san ubanka," in ji Arɗo. "Amma mutum uku sunka nuna min wagga jar saniya yau. Doka guda ce ga kowa."

"Arɗo, ka san ba da baki nike kira ba. A ba ni izini in sa busata."

Dattawan suka yi shawara, suka ce tunda tasa ce ba ta wani ba, ya sa. Nafi'u ya ajiye sifikar a bakin shinge ya kunna. Masu furfurar cikin taron suka gane ta nan take. Wani mahauci ya ɗaga murya, "Jama'a a kama yara, ga mai kisa nan tafe!" Aka yi dariya, Arɗo ya ɗaga sanda aka yi shiru.

Busar ta bi filin har ƙarshe. Wasu shanu suka ɗaga kai kamar yadda za su yi wa kowace ƙara, suka mayar. Woɗe tana tsaye can tsakiya, kanta a ƙasa. Nafi'u ya ƙara murya ya sake kunnawa. Wannan karon Gidaɗo ya durƙusa, ya manna kunnensa mai kyau a jikin sifikar.

"Ɗana, ina na ƙasan?"

"Wane na ƙasa, Baffa?"

"Wanda ka tafiya ƙarƙashin busar." Ya dafa maƙogwaronsa. Ya bayyana masa cewa idan yana busa, ba leɓe kaɗai ke aiki ba. Akwai wani gurnani mai kauri da yake saki daga maƙogwaro a lokaci guda, shi ke bin ƙasa ya je wa shanu, ita sarewar a sama take yawo. Bai taɓa ɗaukarsa wani abu dabam ba, tare suke fita tun yana yaro.

Nafi'u ya dafe kai. "Inna lillahi. Baffa, na ɗauka janaretar masu fim ce. Shi na fi wahala a kai. Sai da na bi shi gaɓa gaɓa na kankare."

Sautin da ba a wanke ba yana cikin kwamfuta a Gummi, kuma saboda 'yan bindiga ba mai bin wannan hanya bayan azahar sai ayarin gobe. Motocin da za su kwashe ragowar shanun sun riga sun ja sun tsaya a gefen fili. Arɗo ya dubi rana, ya dubi mutanen da ke jiran layi. Gidaɗo ya dafa gwiwa zai tashi ya ba na baya wuri.

Goggo ta kutso ta cikin maza, ƙwaryar nono a kanta. "Ina za ka? Haƙora sunka cire maka, ba maƙogwaro ba."

Ya tsaya yana kallonta. Bai taɓa yin gurnanin ba tare da kara a bakinsa ba, bai ma san ko zai fito ba. Ya ce wa Nafi'u ya mayar da busar farko. Ya ɗauki sifikar ya rungume a ƙirji, ya tsallaka shinge, ya rufe bakinsa. Da farko tari ya sarƙe shi. Ya haɗiye yawu, ya jira inda busar ke faɗowa, ya shiga ƙarƙashinta. Gurnanin ya fito a dishe, sannan ya daidaita, ya yi kauri. Yana tafiya a hankali, sifika na busa, shi yana bi.

Woɗe ta ɗaga kai. Ta juya guntayen kunnuwanta, ta yi wani gajeren kuka, ta fara ture na gabanta. Ba da gudu ta zo ba, ƙafarta ta baya tana ɗingishi. Ta iso ta sa hancinta a hammatarsa, har sifikar ta kusa faɗuwa. A bayanta wata farar saniya ta biyo, sai karsana, sai wani ɗan maraƙi da aka haifa a daji, wanda bai san busar ba, uwarsa kawai yake bi. Gidaɗo bai daina ba har sautin ya ƙare, yana duban sauran garken ko wata za ta motsa. Ba wadda ta ƙara fitowa. Daga garken da a dā sai mutum ya hau tudu yake ganin ƙarshensa, waɗannan ne suka rage.

"Naka ne," in ji Arɗo Mainasara. "Allah shi sa albarka, shi mayar maka da abin da ya tafi." Taron ya amsa da amin. Har mahaucin nan ya cire hula ya goge fuska.

Gidaɗo yana Anka har yau. Ruga ba ta koma zaunuwa ba, sai ya kafa turaku a wani kango bayan gidan Goggo, yana fita da su gefen gari inda ake iya zuwa a dawo. Nafi'u ya bar masa 'yar ƙaramar sifikar, Goggo ke kai ta caji tasha. Idan rana ta yi ja, yakan ciro ta daga aljihu ya danna, ya rufe baki ya sa gurnaninsa, su huɗun su ɗaga kai su biyo shi gida.