Sista Anjelina ta Ɗakin Hoton Mama

Kowace safiya, kafin mata su fara shigowa, Sista Anjelina kan goge farantai biyu na na'urar ɗaukar hoton mama, ta ɗumama su da tafin hannunta. Tsakaninsu ake matse maman mace don kada ya motsa, a ga abin da ke ciki. Akwai zafi, akwai kunya, ga fargabar sakamako. Aikinta ke nan a asibiti a nan Keffi, kuma a watan nan take ritaya.

Dakta Abdulmumini, wanda suka daɗe suna aiki tare, ya ba ni labarin Yelwa, mai tallan nono daga wata ruga kusa da Agwada. Ta zo da ƙullutu a mamanta na hagu, dole sai an sa allura an ɗebo ɗan nama a gwada. An matse maman, allura ta shiga, sai wuta ta ɗauke. Allon da Dakta Abdulmumini ke dubawa ya mutu.

"Ku sake ni!" in ji Yelwa, ta fara ja da baya.

Likita ya daskare. Ba ya ganin inda bakin allurar yake, kuma in Yelwa ta fizge, allurar za ta yaga ta.

Anjelina ta rungume ta ta baya. "Ƙanwata, ni ma an taɓa sa ni cikin ƙarfen nan, na san zafinsa. Kar ki motsa. Riƙe hannuna."

Yelwa ta damƙe hannun har farcenta ya huda fata.

"Sista, mutuwa zan yi?"

"Ba za ki mutu a hannuna ba. Ba ni labarin shanunki, wacce ta fi ba da nono?"

Yelwa ta fara magana, gumi na zuba a jikinsu duka. Tana cikin labarin wata jar saniya mai harbi janareto ya tashi. Allurar tana nan inda aka bar ta.

Gwaji ya nuna sankara ce, amma ba ta yi nisa ba. An yi wa Yelwa aiki, yau tana yawo da ƙwaryarta a unguwar Gangaren Tudu.

Sista, ke ce ƙirjin da masu tsoro ke jingina da shi. Mun gode, Allah ya saka miki. Ku da za ku gaji ɗakin nan, ƙarfe yana riƙe mama, amma mai maman ku ne za ku riƙe ta.