Neman Gauraka da Kan Burtu

Wautar da na yi ƙarama ce. Na aro kan burtu na katako wurin Baba Maharbi, maƙwabcinmu, irin wanda maharba ke ɗaurawa a goshi su lallaɓa kusa da nama, sai na manta burtu baƙi ne, na tafi da farar riga.

Ni ba na harbin tsuntsu. Matsowa nake in ƙare masa kallo, in zana shi da gawayi a bayan sakaina. Kawu Ilu, mai zanen ƙorai, ya ce duk tsuntsayena zabi ne masu ciwon ciki. Ya ce ran da na zana wanda ya gane ba tare da na faɗi sunansa ba, zai ba ni wuƙar zane. In ba haka ba, in yi ta kiwon awakinsa har furfura. Na zaɓi gauraka, don ko makaho ya san tukkunsa. An ce suna sauka a fadamar Gwaram.

Birnin Kudu zuwa Zandam

Mun tashi da asuba, ni da ayarin Madugu Tanko masu kai kanwa kasuwa. A ƙofar gari mai tsaro ya laluba burgamina, ya zaro kan.

"Kai yaro, ina sauran tsuntsun?"

"Yana Gwaram, Baba. Kansa zan kai masa."

Ya dungure ni, ya ce in wuce.

Jakin da aka ba ni ya girmi kakana, kuma a hanya kunkuru biyu suka wuce mu. Da azahar muka sha fura da nono a gindin tsamiya. Mun kwana a zauren wani manomi a Zandam, tuwon dawa da miyar kuka. Sauron garin sun so ɗauke ni, Madugu ya riƙe ƙafata.

Gwaram

Da hantsi muka shiga, muka sauka gidan Inna Delu, yayar Madugu. Da la'asar na tafi fadama, na ɗaura kan, na kama rarrafe ina sunkuye-sunkuye kamar tsuntsu mai kiwo. Gauraki suka tashi tun ina hango su kamar ƙudaje.

Inna ta dube ni, taɓo har wuya.

"Ɗan nan, a garinku ne ake da farin burtu?"

Ta ciro baƙin zanenta na rini. "Na biki ne. Ka dawo min da shi yadda yake."

Washegari da sassafe na lulluɓa, dabara ta ci. Na matso har ina jin gauraki na tsinkar ciyawa. Na zaro sakaina ke nan, sai na ji "gum, gum" a kunnena. Na waiga. Burtu ne na gaske, ya zo ganin baƙon da ya shigo masa fili. Jan maƙogwaro a kumbure, gashin ido zara-zara kamar na amarya. Ban taɓa ganin tsuntsu kusa haka ba, ba na kuma fata. Muka kalli juna. Ya sari kan katakon, ya ga ba daɗi, ya sauko kan goshina. Na miƙe da ƙafa biyu, gauraki suka yi sama, ƙaya ta raba zanen Inna biyu.

Komawa

A kan jaki na zana shi, tunda ko na rufe ido shi nake gani. Mun iso gida da magariba. Na miƙa wa Kawu sakainar. Ya kai ta bakin fitila, ya juya.

"Burtu ne," in ji shi. "Wa ya ɓata masa rai haka?"

Na nuna goshina. Ya shiga ɗaki ya fito da wuƙar.

Na gode wa Allah da ya bar min idona, na gode wa Madugu, da Inna Delu wadda har yau ba ta amsa gaisuwata. Ƙwaryar farko da na zana, ita na aika wa. Gauraka kuwa ban zana shi ba.