Zuwa Kumasi Ɗauko Hoton Inna Daga Mashaya

Tamale

Ana idar da sallar asuba na fita, mijina na bina da magana ban tsaya ba. Kwana ɗaya kafin nan ne wata maƙwabciyata ta nuna mini hoto a wayarta: wata sabuwar mashaya a Adum, cikin Kumasi, mutane da kofuna, bisa kansu kuma zanen wata tsohuwa tana dariya, ɗankwalinta ya zame. Wushiryar na fara ganewa. Inna ce, mahaifiyata, wadda ta yi rayuwarta tana sayar da koko a Zangon Kumasi, ta rasu ba ta taɓa leƙa ƙofar gidan giya ba.

Kintampo da Techiman

Bas ɗin ta cika maƙil da buhunan doya. A Kintampo aka tsaya cin abinci, na sayi waakye, wato shinkafa da wake, na bar shi ban ci ba. A shingen da ke gaban Techiman ɗan sanda ya tsare direba da surutu, har na leƙa ta taga na ce, "Ofisa, in hira ce ka biyo mu Kumasi!" Fasinjoji suka yi dariya. Ni ban yi ba.

Zango

Na sauka a Krofrom da azahar, na hau trotro, ƙaramar motar haya, zuwa gidanmu. Na iske yayana Sani a ƙofar shagonsa na ɗinki. Ko gaisuwar kirki ban yi ba na ɗora masa wayar a kan keken ɗinkinsa.

"Yaya, ka san da wannan?"

Ya kalli hoton. "Rabi, ki sha ruwa tukuna."

"Ka sani ko ba ka sani ba?"

"Ni na ba da izini."

Uwarmu, wadda ko rediyo ba ta bari a kunna ranar Juma'a, ɗanta na fari ya ba da ita ado ga mashaya! Na ce ya tashi ya kai ni.

Adum

Mun isa bayan la'asar. Gaskiya wurin ba kamar yadda na zata ba ne: tsakar gida ce mai inuwa, kujerun katako, wani dattijo yana kaɗa jita a hankali, bango duk zane-zane na sayarwa. Wasu giya suke sha, wasu sobolo, wato zoɓo. Wannan natsuwar ma ta ƙara mini haushi. Ga Inna can bisa kwalabe.

Mai wurin shi ne mai zanen, wani Ba'asante ɗan asalin garin, mai furfura, sunansa Kofi. Na ɗaga murya har mai jita ya tsaya.

"Wa ya ce maka uwata kayan ado ce?"

"Mepaacho, Hajiya," ya ce, yana ban haƙuri da yarensu, ya ci gaba da irin Hausarsa, "Inna shi ne ya ciyar da ni lokacin ina dako a kasuwa. Ba na sayar da wannan. Daga kaina na zana shi."

"To ka rataye ta a ɗakinka mana! A kan giya?"

Bai yi musu ba. Ya hau kujera da kansa ya sauke zanen, ya goge ƙurarsa da rigarsa, ya miƙo mini da hannu biyu. Na kalle shi kusa. Hoton Inna ɗaya muke da shi a duniya, na fasfon Makka, ta ɗaure fuska kamar an yi mata laifi. Wannan kuwa ita ce sak, yadda take in ciniki ya yi kyau.

Sai wata mai kawo abin sha ta ajiye wa Yaya sobolo ba tare da ya tambaya ba, a teburin da ke fuskantar bangon.

"Kullum yana zuwa," in ji Kofi. "Nan yake zama."

Na juya ga Yaya. "Kana da inda kake zuwa ka ga Inna, ni ina can Tamale, ko a waya ba ka faɗa mini ba?"

"Na san abin da za ki yi," ya ce. "Ga shi kin yi."

Na naɗe zanen a mayafina na fita. Da na waiwaya daga ƙofa, yana zaune yana kallon ƙusar da aka cire zanen daga kanta.

Komawa

Na kwana wurin ƙanwar babanmu a Akwatialine, washegari na kamo hanya. Yaron mota ya so ya jefa zanen cikin kaya, na ce ya gwada ya gani. A cinyata Inna ta zauna har Tamale.

Na gode wa Allah da ya dawo da ni lafiya, na gode wa Gwaggo da ta saukar da ni ba ta tambaye ni komai ba. Kofi ma, duk da laifinsa, Allah ya saka masa da alheri. Yaya kuwa har yau bai kira ni ba, ni ma ban kira shi ba. Mijina ya ce in aika masa zanen ya yi azumi da shi. Na ce Yaya ya san hanyar Tamale.